Ba da Haƙuri ko Neman Gafara? Nazarin Afuwar da Cibiyar Smithsonian ta Nema a kan Ƙasusuwan 'Yan Asalin Ƙasa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci neman afuwar da Babban Sakataren Cibiyar Smithsonian, Lonnie G. Bunch III, ya wallafa a watan Agustan 2023 a kan sassan jikin mutane da cibiyar ta tara ba da yardar danginsu ba. An ɗora nazarin a kan bambancin da Hausa take yi tsakanin ba da haƙuri da neman gafara, da kuma sharuɗɗan tuba kamar yadda malaman Musulunci suka shimfiɗa su. An auna matanin da al'amura biyu: mayar da ƙasusuwan Aborijinawan yankin Arnhem Land na ƙasar Ostireliya, kamar yadda fim ɗin Etched in Bone ya nuna, da halin da al'ummar Piscataway ta yankin Fort Washington take ciki. Maƙalar ta gano cewa matanin ya cika sharaɗin nadama, amma isar afuwar ga wanda aka zalunta ta dogara ne ga ko akwai wata gwamnati da ta tsaya masa.

Fitilun Kalmomi: afuwa, tuba, gidan tarihi, Smithsonian, Piscataway, Aborijinawa

1.0 Gabatarwa

A gaɓar gabas ta kogin Potomac, kudu da birnin Washington, akwai tsohuwar ganuwar soja da ake kira Fort Washington, wadda garin da ke kewaye da ita ya ari sunanta. An gina ta a 1809, sojojin da ke tsaronta suka tarwatsa ta da hannunsu a watan Agustan 1814 da jiragen ruwan yaƙin Ingila suka tunkaro, aka sake gina ta aka kammala a 1824. Wanda ya hau katangarta ya dubi kudu zai ga bakin rafin Piscataway inda yake zuba a Potomac, a ƙetaren rafin kuma wani fili mai gonaki da itatuwa. Wannan fili shi ne al'ummar Piscataway suke kira Moyaone, da sunan garinsu da Kyaftin John Smith ya sa a taswirarsa bayan tafiyarsa ta 1608.

Arewa maso gabas da ganuwar, tafiyar da ba ta wuce rabin sa'a a mota ba, a cikin gundumar Prince George's ɗin dai, akwai garin Suitland. A nan Cibiyar Smithsonian, uwar gidajen tarihin gwamnatin Amurka, ta buɗe babban rumbun ajiyarta a 1983. A watan Agustan 2023 jaridar Washington Post ta wallafa binciken da Nicole Dungca da Claire Healy suka gudanar, wanda ya nuna cewa akwai ƙwaƙwalwar mutum 255 a ajiye a wannan rumbu, kuma jimillar ƙasusuwa da sauran sassan jikin ɗan'adam da ke hannun cibiyar ta kai aƙalla 30,700. Bayan 'yan kwanaki Bunch ya rubuta maƙala a shafin ra'ayi na jaridar, ya la'anci abin da aka yi, ya nemi afuwa.

Neman afuwa irin wannan ya zama wani nau'in rubutu mai zaman kansa a wannan ƙarni, da salonsa da ƙa'idojinsa, ya kuma cancanci a yi masa nazari kamar yadda ake yi wa waƙa ko zube. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: wa aka yi wa magana a cikin matanin, kuma ta wace hanya maganar za ta isa gare shi?

2.0 Ma'aunin Nazari

Bahaushe yana da hanyoyi fiye da ɗaya na sauke laifi, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Mafi sauƙi ita ce ba da haƙuri. Ana cewa "yi haƙuri" ga wanda aka taka wa ƙafa a kasuwa, da wanda aka yi wa rasuwa, da wanda ya zo karɓar bashinsa bai samu ba. Kalmar ba ta bambance mai laifi da mai jaje. Abin lura kuma, aikin da ke cikinta yana kan wanda aka ɓata wa: shi ne zai yi haƙurin. Neman gafara ko yafiya daban ne. Wanda ya ce "ka yafe mini" ya miƙa hukuncin ga wanda ya zalunta, ya kuma yarda cewa za a iya ƙi. Sai kuma biko, wanda ya fi duka tsada, domin mai biko ba ya aikawa da saƙo daga ɗakinsa. Takawa yake yi har gidan waɗanda ya ɓata wa, ya zauna a ƙasa, ya saurari abin da ba ya so ya ji, wani lokaci ya koma hannu rabbana.

Malamai sun daɗe da tsara wannan a babin tuba. Imamu Nawawi, a cikin Riyadus Salihin da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya kawo sharuɗɗa uku: barin laifin, nadama a kansa, da ƙudurta cewa ba za a koma ba. Idan laifin ya shafi haƙƙin wani mutum sai a ƙara na huɗu, wato sauke haƙƙin ga mai shi. Wannan na huɗu ba ya cika sai an san mai haƙƙin an kuma je gare shi. Game da matsayin abin da aka ɗauka kuwa, hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, wanda ya daidaita laifin karya ƙashin mamaci da na karya shi yana raye, ya wadatar wajen nuna cewa a wannan tunani ƙashi bai daina zama mutum ba. Ba a kawo wannan ma'auni don a ɗora wa Piscataway ko Aborijinawa aƙidar da ba tasu ba. An kawo shi ne domin yana tambayar abin da su ma suke tambaya, da harshen da mai karatu ya sani.

3.0 Yadda Aka Tara

Tarin bai faro da mutum ɗaya ba. A 1868 ofishin Babban Likitan Sojan Amurka ya umarci likitocin soja da su riƙa tattara ƙoƙon kan 'yan asalin ƙasa suna aikawa gidan tarihin likitancin soja da ke Washington. An samo su daga filayen yaƙi da asibitocin barikoki da kaburbura. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 aka mayar da dubbai daga cikinsu hannun Smithsonian. A 1903 Aleš Hrdlička, likita haifaffen Bohemiya, ya kama aiki a cibiyar, ya kafa sashen nazarin ƙirar jikin ɗan'adam, ya shafe kusan shekara 40 yana tara ƙasusuwa da ƙwaƙwalwa da nufin tabbatar da bambancin launin fata da fifikon Turawa. Ya karɓi ƙwaƙwalwar 'yan Filifin da suka mutu a lokacin baje kolin duniya na St. Louis a 1904, da ta baƙaƙen fata matalauta da suka mutu a asibitocin Washington. A tsibirin Kodiak na Alaska ya tone maƙabarta guda a cikin shekarun 1930, wadda sai a 1991 aka mayar wa mutanen Larsen Bay ƙasusuwan sama da mutum 700 daga cikinta, bayan doguwar jayayya.

A ƙarshen shekarun 1980 aka bayyana cewa cibiyar tana riƙe da ƙasusuwan 'yan asalin Amurka kimanin 18,500. Wannan adadi ya taimaka wajen haifar da dokoki biyu: ta 1989, wadda ta kafa gidan tarihin 'yan asalin Amurka ta kuma wajabta wa Smithsonian mayar da ƙasusuwa, da ta 1990 da aka fi sani da NAGPRA, wadda ta shafi sauran gidajen tarihi da jami'o'in da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Dokokin biyu sun ba da damar neman haƙƙi ga ƙabilun da gwamnatin tarayya ta amince da su a hukumance, da ƙungiyoyin 'yan asalin Hawai. Wannan ƙaramin sharaɗi shi ne gatarin da zai dawo a sashe na ƙarshe.

4.0 Matanin Afuwar

Adalci ne a fara da abin da matanin ya yi daidai, domin ya yi abubuwan da takwarorinsa da yawa suka kasa. Bunch, wanda shi ne baƙar fata na farko da ya shugabanci cibiyar, kuma masanin tarihi da ya kafa gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka da aka buɗe a 2016, ya yi magana da bakinsa, bai fake da sunan kwamiti ba. Ya kira aikin Hrdlička abin ƙyama mai tuɓe wa mutane mutuntakarsu, ya kuma ce da sunan Smithsonian aka yi shi. Ya ƙi karɓar uzurin da aka saba bayarwa, cewa haka zamanin yake. Mafi muhimmanci, ya amsa cewa alhakin cibiyar bai tsaya ga ɗaukar da aka yi a da ba, ya haɗa da rashin mayarwa da ya biyo baya. Wannan amsawa ta ƙarshe ita ta hana matanin zama kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, wato a jibga wa mamacin da ya rasu tun 1943 dukan laifi, cibiyar kuma ta ci gaba da riƙon abin da ya tara mata. Ta fuskar nadama, babu abin da za a ce.

Matsalar tana farawa ne daga wurin da aka yi maganar. Shafin ra'ayi na Washington Post dandali ne na 'yan majalisa da ma'aikatan gwamnati da masu ba cibiyar gudummawa. Jaridar ce ta fasa ƙwan, a cikinta kuma aka ba da amsa, don haka masu sauraron farko su ne waɗanda labarin ya girgiza, ba waɗanda kakanninsu suke cikin akwatuna ba. Matakan da cibiyar ta ɗauka kafin nan, na taƙaita bincike a kan sassan jikin da kafa kwamiti, sun zo ne a farkon 2023, lokacin da 'yan jaridar suka riga suka yi nisa da aikinsu. Wannan bai mayar da nadamar ƙarya ba. Sai dai yana nuna wanda aka ji kunyarsa.

Tarihin Amurka kansa yana da misalan da ke nuna cewa wuri ba ƙaramin abu ba ne. A watan Disambar 2009 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan neman afuwar da Majalisar Dokoki ta yi ga 'yan asalin ƙasa. An cusa ta ne a cikin dokar kasafin kuɗin ma'aikatar tsaro, aka kuma liƙa mata sharaɗin cewa ba za ta zama hujjar neman diyya a kotu ba. Fadar shugaban ƙasa ba ta yi bikin sanar da ita ba. Sanata Sam Brownback ne ya karanta ta a gaban wasu shugabannin ƙabilu a wata maƙabarta a Washington a 2010. A ɗaya ɓangaren, da Shugaba Joe Biden zai nemi afuwa a kan makarantun kwana da aka riƙa raba yara da iyayensu, a ranar 25 ga Oktoba 2024, ƙasar al'ummar Gila River a jihar Arizona ya je. Kevin Rudd ma, ranar 13 ga Fabrairu 2008, ya yi tasa a majalisar Ostireliya da waɗanda aka raba da iyayensu suna zaune suna kallonsa. Ta farkon ba da haƙuri ce da aka jefa ta bayan katanga. Biyun na baya sun kusanci biko. Matanin Bunch yana tsakanin nan da can: lafazinsa na mai neman gafara ne, mazauninsa na mai sanarwa.

Akwai kuma abin da aka nemi afuwa a kansa. Jimlar neman afuwar ta ratayu ne a kan raɗaɗin da aka jawo. Raɗaɗi abu ne da ke cikin ƙirjin wanda aka zalunta, maganinsa kuwa lallashi. Abin da aka yi a zahiri ɗauka ne, maganin ɗauka kuma mayarwa. Labarin Mary Sara ya nuna tazarar. Budurwa ce 'yar ƙabilar Sami daga Alaska, ta rasu da tarin fuka a Seattle a 1933 tana da shekara 18, likitanta ya yi wa Hrdlička tayin ƙwaƙwalwarta ya karɓa. Shekara 90 danginta ba su ji raɗaɗin wannan ba, saboda ba su sani ba. 'Yan jarida ne suka nemo su suka gaya musu, ba cibiyar da ke riƙe da takardun ba. Bayan nan aka mayar da ƙwaƙwalwar aka binne a kabarinta. Da raɗaɗi ne ma'aunin laifi, da sai a ce laifin ya fara ne ranar da aka buga musu waya.

Sai batun lokaci. Kwamitin da Kevin Gover da Ellen Stofan suka jagoranta ya miƙa rahotonsa a farkon 2024, ya ba da shawarar kada a riƙe ko a yi bincike a kan gawar kowa sai da yardar zuriyarsa. Shawara ce mai kyau. Amma alƙaluman cibiyar da kanta sun nuna cewa daga 1989 ta mayar da ƙasusuwan mutum sama da 5,000, kimanin 30,000 kuma suna nan. Idan aka raba 5,000 da shekara 34 za a sami mutum wajen 150 a shekara. A wannan tafiya, sauran za su buƙaci shekara 200. Tun a 2011 ofishin binciken ayyukan gwamnati na Majalisar Dokoki ya yi gargaɗin cewa aikin zai iya ɗaukar gomman shekaru. Sharaɗin farko na tuba shi ne barin laifin, kuma wanda ya amsa cewa riƙon ma laifi ne ya amsa cewa kowace safiya laifin sabo ne.

5.0 Gunbalanya: Waɗanda Suka Zo daga Nesa

Fim ɗin Etched in Bone, wanda Martin Thomas da Béatrice Bijon suka shirya ya fito a 2018, shi ne mafi kyawun sharhi a kan abin da matanin bai ƙunsa ba, ko da yake ya riga shi da shekara biyar. A 1948 gwamnatin Ostireliya da Smithsonian da ƙungiyar National Geographic suka haɗa gwiwa suka tura ayarin masana zuwa Arnhem Land a ƙarƙashin Charles Mountford. Frank Setzler, shugaban sashen nazarin ɗan'adam na gidan tarihin Amurka, yana cikinsu. A kusa da Gunbalanya, wanda a lokacin ake kira Oenpelli, Aborijinawa sukan ajiye ƙasusuwan matattunsu a kogunan duwatsu. Setzler ya kwashe su. Littafin ajiyar bayanansa ya nuna cewa ya yi wani kwasar ne da rana, lokacin da samarin Aborijinawan da ke taimaka masa suke barci. Wannan kaɗai ya rushe uzurin zamani: wanda ya jira a yi barci ya san abin da yake yi. Akwai ma hoton fim na lokacin da ke nuna shi yana zaro ƙashi daga tsagar dutse, kuma masu shirya fim ɗin sun yi amfani da shi.

Yadda aka mayar da su ma abin nazari ne. A 2008 Smithsonian ta mayar da kashi biyu cikin uku, ta riƙe ɗaya, bisa hujjar cewa yarjejeniyar ayarin ta tanadi kashi biyu cikin uku na abin da aka tara ga Ostireliya. Da ma'aunin da aka raba tsuntsaye da kifaye da zane-zanen ɓawon itace aka raba mutane. Sai a 2010 aka saki sauran. Wakilan al'ummomin suka taho har Suitland, suka yi wa ƙasusuwan turaren hayaƙi na al'adarsu a harabar rumbun, suka raka su gida.

Ƙarfin fim ɗin yana ga dattijo Jacob Nayinggul, wanda ya jagoranci binnewar da aka yi a Gunbalanya a watan Yulin 2011 yana kan keken marasa lafiya. A fahimtarsa, abin da aka sace mutane ne, waɗanda suka shafe shekara 60 a ƙasar da ba a jin harshensu. Saboda haka aikinsa na farko shi ne ya yi musu magana da harsunan ƙasar, ya gaya musu inda suke da wanda yake magana. Aka shafa wa ƙasusuwan jan ƙasa, aka naɗe su a ɓawon itace, aka rufe. Babu wata tsohuwar al'ada ta karɓar matattun da aka sace, dole ya ƙago abin da zai dace. A nan fim ɗin ya bankaɗo wani giɓi da ke cikin kusan dukan matanonin afuwa na cibiyoyi: suna magana da masu rai kawai. Nayinggul kuwa matattun ya fuskanta, su ne masu haƙƙin farko.

Abin tambaya shi ne me ya buɗe ƙofar Suitland ga mutanen da ke nesa da ita da sama da kilomita 15,000, alhali dokar 1989 ba ta shafe su ba. Amsar ita ce gwamnatin Ostireliya, da ofishin jakadancinta a Washington, da shirinta na neman dawo da ƙasusuwa daga ƙasashen waje. Mai karatu a Nijeriya yana da misali na kusa. A watan Afrilun 2022 Smithsonian ta fito da manufar mayar da kayan da aka samo ta hanyar da ba ta dace ba, ko da doka ba ta tilasta mata ba. Kafin watan Oktoban shekarar ya ƙare ta miƙa tagullan Benin guda 29 ga Hukumar Gidajen Tarihi ta Nijeriya. Wata shida ke nan. Tutar Sarkin Musulmi Attahiru ma, da aka ɗauke a Burmi a 1903, ba ta koma Sakkwato ba sai a 1960, shekarar da ƙasar ta sami gwamnatin kanta. Wanda yake da tuta da jakada ana jin sallamarsa.

6.0 Moyaone: Maƙwabcin da Ba Shi da Takarda

A 1922 Alice Ferguson da mijinta Henry, masanin duwatsu a ma'aikatar gwamnati, suka sayi gonar da suka sa wa suna Hard Bargain, a filin nan da ake hange daga ganuwar Fort Washington. Alice mai zane ce, ba ta yi karatun tone-tonen tarihi ba. Daga 1935 zuwa 1939 ta haƙa filin, ta gano alamun katangun gari da tukwane da manyan ramukan ƙasusuwa, kowanne ɗauke da mutane ɗaruruwa. T. Dale Stewart na Smithsonian, almajirin Hrdlička wanda ya gaje shi, ya yi nazarin ƙasusuwan da aka tono a yankin, su biyu suka wallafa maƙala a 1940 a kan wani rami da ke kusa da rafin Piscataway. Cikakken rahoton tonon ya fito a 1963 daga Jami'ar Michigan, bayan rasuwarta. Can kudu kaɗan, a rafin Nanjemoy, wasu ramukan biyu ne suka zama tushen binciken Douglas Ubelaker da Smithsonian ta buga a 1974, wanda har yau ake koyar da ɗalibai yadda ake ƙididdige yawan al'umma da tsawon rayuwarsu daga ƙasusuwa.

Ya kamata a fahimci mene ne waɗannan ramuka. Ba kaburburan annoba ko na yaƙi ba ne. Mutanen wannan yanki sukan ajiye gawa har nama ya tafi, bayan wasu shekaru kuma su tattara ƙasusuwan duk waɗanda suka rasu a tsakani, su binne su tare a rami guda a babban taro. Cakuɗawar da gangan aka yi ta. Ita ce ma'anar binnewar: mamaci ya koma cikin jama'arsa. Aikin masani kuwa akasin haka ne. Zai ware ƙashin cinya gefe, muƙamuƙi gefe, ya ƙirga, ya sa lamba, ya zuba a akwati. Ko da ba a yi niyyar wulaƙanci ba, hanyar binciken da kanta tana warware abin da al'ummar ta ƙulla. Wannan ɓarna ba ta Hrdlička ba ce, ba ta kuma cikin labarin ƙwaƙwalwar da ta tayar da hankalin jama'a. An yi ta a natse, a gonar mai ita, da kyakkyawar niyyar ilimi, shi ya sa matanin da ya karkata ga mugun mutum ɗaya da mugun ra'ayinsa zai yi wuya ya kamo ta.

Piscataway ba su ƙare ba. Wasu sun yi hijira arewa a ƙarshen ƙarni na 17 da matsin Turawan Maryland ya yi yawa, wasu suka zauna a kudancin jihar, inda masu ƙidaya da limaman coci suka riƙa rubuta su da sunayen launin fata dabam-dabam. Babbar hanyar da ta ratsa Fort Washington zuwa kudu sunanta Indian Head, jikokinsu kuma suna binta kullum zuwa aiki. Ɗaya daga cikinsu, masaniyar tarihi Gabrielle Tayac, ta yi shekaru tana aiki a gidan tarihin 'yan asalin Amurka na Smithsonian. Sai a watan Janairun 2012 Gwamna Martin O'Malley ya sa hannu a kan amincewar jihar Maryland da Piscataway Indian Nation da Piscataway Conoy Tribe. Amincewar gwamnatin tarayya kuwa babu. Don haka a idon dokokin 1989 da 1990, al'ummar da ta fi kowa kusa da rumbun Suitland ba ta cikin waɗanda za su iya shigar da buƙata a matsayin haƙƙi. Shugabanninta sun daɗe suna neman a dawo da kakanninsu, amma abin da ke gabansu ƙofar alfarma ce: manufar 2022 da shawarwarin 2024 sun ba cibiyar damar dubawa, ba su ba Piscataway ikon tilastawa ba.

Nan ne ma'aunin biko ya fi nuna amfaninsa. A neman gafara na gaskiya, hukunci yana hannun wanda aka zalunta. A wannan tsari kuwa mai laifin ne yake tantance wanda ya cancanci a ba shi haƙuri, yana kuma neman shaidar dangantaka daga takardun da gwamnatocin da suka kori mutanen suka rubuta, ko suka ƙi rubutawa. Rashin takardar da ake kafa hujja da shi yana daga cikin zaluncin da ake neman afuwa a kansa.

Ko kāre filin Moyaone daga gine-gine ba don matattun aka yi ba. A ƙetaren Potomac, daura da shi, gidan George Washington ne na Mount Vernon. A 1961 Majalisar Dokoki ta amince da kafa gandun Piscataway domin kada masana'antu su ɓata abin da baƙo yake hange daga barandar gidan. Kaburburan sun tsira ne a matsayin shimfiɗar kallo. Philip Proctor, wanda aka fi sani da Turkey Tayac, mai maganin gargajiya kuma jagoran farfaɗo da sunan Piscataway a ƙarni na 20, ya goyi bayan kafa gandun bisa fahimtar cewa za a bar jama'arsa su riƙa ziyara, shi kuma a binne shi a can. Da ya rasu a watan Disambar 1978 hukumar gandun daji ta ce ba ta da ikon yarda. Gawarsa ta jira kusan shekara guda har Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da tanadi na musamman, aka binne shi a watan Nuwamban 1979 kusa da ramin ƙasusuwan kakanninsa. Fitar da ɗaruruwa daga wannan ƙasa bai buƙaci izinin kowa ba, tunda gonar ta mai haƙa ce. Shigar da mutum ɗaya ya buƙaci dokar tarayya. A kowane watan Nuwamba jama'arsa sukan taru a gindin itacen da ke kan kabarinsa, su ɗaura ƙullin taba a rassansa, su kira sunayen waɗanda suka rasu.